Tayar da Na Bari a Zaure

Matso kusa ka ji, don ba labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu Malam ya rasu, ba don rashin kaɗai ba, har da abin da na aikata da hannuna.

Kawu Malam yayan mahaifiyarmu ne, a Katagum yake zaune, a gidansa na tashi har aka kawo ni aure Azare. Shekarar da ya sauke farali ya dawo da wani farin yadi, ya ce ya jiƙa shi da ruwan Zamzam ya shanya a can, da shi yake so a yi masa sutura. Matarsa Hajja kuwa duk ranar da ta buɗe akwati ta gani sai kuka. Shi ne ya naɗo shi a leda ya kawo min har ɗakina. "Ke ce ba kya zuwa ko'ina," in ji shi, "ranar da aka neme ki, a gida za a same ki." (Gaskiyarsa. Ni ko kasuwar Azare sai in yi wata uku ban leƙa ba.) Shekara bakwai yadin nan yana ƙasan akwatina, ina canza masa kafur.

Wata Asabar cikin damina, da hantsi, waya ta shigo. An sa jana'iza bayan Azahar, ana jiran likkafani daga wajena. Allah ya sa ƙanena Bashir yana gari, ya zo daga Abuja da wata jar mota mai ƙofa biyu, kwance da ƙasa kamar kadangare, in ya tashe ta har kwanukan ɗakina suna amsawa. Tayoyinta faffaɗa ne, amma robar siririya, kai ka ce kwalli aka zizara wa ƙarfe. Ya ce kada in damu, da wannan motar za mu isa da sauran lokaci. Ya miƙo min makulli zai shiga wanka, ya ce in sa kaya kaɗan, but ɗin bayan motar ba shi da ciki.

To ni da na tashi a gidan Kawu, in je zaman makoki hannu rabbana? Mata za su cika gida kwana uku, kowa kuma zai duba abin da 'yar riƙon mamaci ta kawo. Na fito da rabin buhun shinkafa, da galan ɗin manja, da ƙullin kuka da daddawa, da kula biyu na dambun da na dafa don rana. But ya ƙi rufuwa. Ina ta juya kaya sai shimfiɗar ƙasa ta ɗaga, na ga rami a ƙarƙashi, da wata 'yar taya a kwance a ciki. Na dube ta, na dubi na jikin motar, ko dangin nesa ba su haɗa ba. Na ce a raina wannan ai ta keke napep ce, wani ya ba shi saƙo ya manta. Na murɗe abin da ya riƙe ta, na ciro ta da ƙarafunan da ke tsakiyarta, na gangara da ita zaure na jingine. Galan ya zauna a ramin daram, kamar don shi aka yi. (Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe min, wai na yi dabara.)

Muka ɗau hanya, likkafani a cinyata. Mun wuce Gadau da ɗan nisa sai muka faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya yi min ƙarya. Tun kafin Bashir ya ankara na ce masa ƙafar gaba ta wajena ta canza murya. Ya gangara gefe, muka fito, taya ta kwanta.

Ya ce minti goma ne, akwai safaya. Ni a lokacin ban ma san me ake nufi da safaya ba, na ɗauka wani maganin faci ne. Ya buɗe but ya shiga sauke kayana a bakin kwalta. Manoma biyu suka ajiye fartanya suka matso, ɗaya ya kira mai facin ƙauyensu a waya, nan da nan ya iso a kan wani tsohon mashin. Bashir ya ɗaga shimfiɗa. Ya daɗe yana kallon galan ɗin.

"Yaya, ina tayar da take nan?"

"Wacce? Ta keke napep ɗin?"

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. A hankali Bashir ya yi min bayani, muryarsa ƙasa ƙasa, cewa irin motocin nan ba su da wurin cikakkiyar taya, shi ya sa ake sa musu ƙarama, a ɗaura ta a lallaɓa zuwa gari. Ƙarafunan nan kuma jak ne na ɗaga mota da sifanan kwance taya. Mai faci ya tsuguna ya shafa, ya ce a gefe ta yage, ba ta facuwa, irinta kuma ko a Azare da wuya, sai dai Kano. Yana miƙewa na ji ya ce wa ɗaya daga cikin manoman cikin raɗa, manja dai ba ya gudu a kwalta. (Ranar na so a ce ni kurma ce.)

Bashir bai yi min faɗa ba. Ya kira maigidana ya ce a ɗauko abin da ke zaure a ba motar haya, ya kira Katagum ya roƙi a ƙara jira. Motocin da ke wucewa duk a cike. Mai faci ya dubi ledar da na rungume ya tambayi mene ne, na gaya masa. Ya goge kujerar mashin da hannun rigarsa, ya ce, "Hau, Hajiya. Allah ya ji ƙansa."

Mashin ɗin ya yi iya ƙoƙarinsa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, an fara yayyafi muka shigo gari. A bakin layinmu na hango maza suna dawowa, mutum biyu na ɗauke da makara, ba kowa a ciki sai tabarma a naɗe. Daga baya aka ce min sun jira fiye da awa ɗaya, liman ya ce ruwa zai shiga kabari, wani maƙwabci ya kawo yadi.

Haka na shiga gida, ni da na ƙi zuwa hannu rabbana, ba shinkafa ba manja, sai leda ɗaya da ba ta da sauran amfani. Na durƙusa gaban Hajja, ɗaki cike da mata, na faɗi komai har da keke napep. Ta karɓi ledar ta buɗe, ta shanshana yadin, wannan karon ba ta yi kuka ba.

"Sutura ma da rabo take," in ji ta. "Ashe tawa ya sayo bai sani ba." Ta naɗe ta mayar min a cinya. "Ki ci gaba da ajiyewa. Amma ranar, ki bar manja a gida."

Gab da Magariba motar Bashir ta shigo tana rarrafe, ƙafa uku manya, ɗaya ƙarama. Aka ci dambu ana yabawa, ni ko na ture nawa gefe.

Yadin yana nan ƙasan akwatina, ina canza masa kafur. Yanzu ko allura na gani a kayan wani ba na taɓawa sai na tambayi mai ita, don na gane abin da ban san aikinsa ba, ba shi ne marar aiki ba. Alkawari ɗaya Kawu ya ɗora min a duniya, na musanya shi da wurin ajiye galan.

Kai fa, me ka taɓa cirewa ka jingine a zaure don ka ga ya yi ƙanƙanta?