Kaka Orval Na Son Inji Mai Ƙara

"Lafiyata ƙalau, sai dai idan zuwanki ne zai kawo min ciwo," in ji Kaka Orval, yana tare ƙofar raga da ƙafa. "Shigo, 'yar birni. Ashe kin gane hanya, ko wayarki ce ta jawo ki har nan kamar akuya?"

"Ciyawarka ce ta nuna min gidan," in ji jikarsa Britta. "Tun daga kwanar coci na hango ta tana ɗaga min hannu. Na ɗauka masu gidan sun gudu ne."

Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba. Ƙanƙara ta daɗe da narkewa, kowane gida a layin ya yi wa ciyawarsa askin farko, nasa kaɗai ya rage buzu-buzu. Tsohon injinsa na yankan ciyawa, wanda ake turawa da hannu, ya mutu tun kafin hunturu. Ko da bai mutu ba, gwiwar Orval ta daina yarda da gangaren da ke bayan gidansa, likita kuma ya hana kafaɗarsa ta dama fizgar komai. 'Yarsa, uwar Britta, ta yanke hukunci ta waya daga birnin Minneapolis: ko a saya masa inji mai tafiya da kansa wanda ba a jan igiya, ko ta ɗauko masu yankan ciyawa na kamfani su riƙa zuwa suna yi masa.

Abin da ba ta sani ba, shi kuma ba zai taɓa faɗa ba, shi ne abin da safiyar Asabar take a wurinsa. Maza a layin nan ba sa ziyartar juna. Mutum zai yi shekara da shekaru yana kallon ƙofar maƙwabcinsa, bai taɓa ƙwanƙwasa ta don hira kawai ba. Matarsa Ardis ce mai shiga gidaje. Da ta rasu, mata suka yi ta kawo tiren dankali da nama har firji ya ƙi rufuwa, daga baya tirarrukan suka ɗauke, gidan ya yi tsit. Sai Asabar ta rage masa. Yakan tayar da inji, ƙara ta cika layin, kafin ya gama gefen titi Verlin na tsallaken hanya ya ji kunya ya fito da nasa. Idan suka haɗu a bakin kwalta sai su kashe injinan, su tura huluna baya, su zagi ruwan sama idan an yi, su zage shi idan ba a yi ba. Hirarsa ta mako ke nan, kuma ita ya yi hunturu yana jira.

"Ɗauko hularka, tsoho, kafin a rufe kanti," in ji Britta.

"Kanti ba ya rufuwa sai na je. Ni na koya wa mai shi ɗaure takalmi."

"Kai da ka koya wa Annabi Nuhu sassaƙa."

"Ya ƙi jin magana, shi ya sa jirgin ya yi yoyo."

Suka hau tsohuwar a-kori-kurarsa, ita ce a sitiyari, shi yana taka birkin da babu shi a gefensa.

"Wa ya ba ki lasisi? Makaho ne ko danginki ne?"

"Dangina ai naka ne."

"Ta wajen ubanki nake nufi. Mu a wajenmu babu mai shan kwana kamar ya ƙwato jaka."

A kantin kayan aiki, injinan suna jere a bakin ƙofa, ja da kore da ruwan ɗorawa. Leland mai kanti ya fito yana goge hannu a wando, ya gaisa da Orval da kai, ya tambayi abin da suke nema.

"Mai tafiya da kansa," in ji Britta, "mara nauyi, mara tsada, mara igiya. Na tsoho ne mai taurin kai."

"Na jariri take nufi," in ji Orval. "Ita za ta riƙa hawa."

Leland ya jawo wani kore ɗan siriri, mai batir. Ya nuna maɓallin da ake dannawa, da ƙarfen da ake matsewa a mariƙi inji ya kama tafiya, da wurin rage masa sauri idan ya fi ƙarfin ƙafar mutum. Babu fetur, babu baƙin mai, babu fulogi. Kuɗinsa ma da sauƙi, don samfurin bara ne.

"Shi ke nan, mun samu," in ji Britta.

"Kin samu. Wannan ai na aske gemu ne."

"To ga gemun nan a fuskarka, tsuntsu biyu da jifa ɗaya ke nan."

"Ciyawata ba ta ganin girman abin da ba ya shan fetur. Na san halinta. Idan ta ga wannan za ta kwanta, ya wuce, ta miƙe tana dariya."

"Ciyawarka ta daɗe tana dariya, Kaka. Zomaye sun buɗe makaranta a cikinta."

"Da takardar izinina suka buɗe. Sun fi ki zuwa gaishe ni ma."

Britta ta ɗan kau da kai. "Su ai ba sa biyan kuɗin mai daga birni. Leland, kunna masa ya gani."

Suka zagaya bayan kanti, inda akwai ɗan fili na gwaji. Leland ya danna maɓalli. Injin ya ɗauki wani ɗan zuu kamar fankar ɗaki, ya kama tafiya sumul, ciyawa tana zubewa a bayansa. Orval ya karkata kai, ya kai hannu ya murɗa na'urar kunnensa, ya sake saurare.

"An kunna?"

"Har ya gama aiki ya dawo," in ji Britta.

Orval ya sunkuya ya dubi injin. Sannan ya tambaya a hankali, kamar wanda ke tambayar farashin ƙusa: "Wannan, idan mutum yana tsallaken titi, tagoginsa a rufe, rediyo yana yi, zai ji shi?"

"Ko kaɗan," in ji Leland da alfahari. "Kyawunsa ke nan. Sai ka yanke gaba da baya ka koma ɗaki, maƙwabcinka bai ma san ka fito ba."

"To," in ji Orval. Ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar an rubuta wani abu a ciki, ya mayar.

Britta ta buɗe baki da wata tsokanar, sai ta dubi fuskarsa ta fasa. Ita ma a layin nan ta yi hutun makaranta tana yarinya. Ta sha zama a matakalar baranda tana shan ruwan lemo, tana kallon tsofaffin nan biyu a bakin kwalta, tana mamakin abin da suke faɗa wa juna da ba ya ƙarewa.

"Mai fetur fa?" ta tambayi Leland. "Wanda ake tayarwa da makulli."

Leland ya nuna wani ƙato ja, ya juya takardar da ke rataye a jikinsa. Orval ya leƙa ya ja da baya.

"Da ƙasa da haka na sayi motata ta farko, har da matar da na ɗauko a ciki."

"Ni zan cika."

"Da me? Ke da kike cin taliyar leda dare da rana? Ranar da jikata ta saya min inji, a kai ni gidan tsofaffi a ba ni cokalin roba."

"An riga an yi maka kamun gado, kusa da taga."

"Ki ce su ba ki. Kin fi ni tafiyar tsufa, kullum a sunkuye kan waya."

A ƙarshen layi akwai wani ruwan toka, ba kwalliya, mai tafiya da kansa shi ma, kuma ya fi kowanne araha. Aibinsa ɗaya ne, igiya. Orval ya nufe shi kai tsaye, ya shafa tankinsa kamar goshin doki.

"Ga ɗan halak."

"Ga igiya kuma. Ka ji abin da Mama ta ce."

"Uwarki tun tana cikin zanin goyo take ba ni umarni. Leland, zuba masa mai."

Leland ya dubi Britta, ta ɗaga kafaɗa. Aka zuba. Orval ya matse ƙarfen mariƙi, ya kama igiyar da hannun hagu, ya ja. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Ya sake ja, ya sake tari. Ya canza zuwa hannun dama, kafin Britta ta ce kada, ya fizga. Igiyar ta kuɓuce ta koma da kanta, shi kuwa ya dafe kafaɗa, ya juya musu baya yana kallon shingen kanti kamar yau ya fara ganinsa.

A ransa ya riga ya ga abin da zai biyo baya: farar motar kamfani ranar Talata, samari da abin toshe kunne su yi fuu su wuce, shi yana kallo ta taga, Asabar kuma ta zama kamar Laraba.

"Ka danna ɗan famfon man kuwa?"

Wani mutum ne da buhun abincin kare a kafaɗa, ya ajiye shi a ƙasa ya matso. Kafin Orval ya amsa, wani ya fito daga motarsa ya bar ƙofa a buɗe. "Sabo ne, sai an ba shi iska," in ji shi. Na uku ya zo da kofin gahawa a hannu, ya ce duk ba haka ba ne, fulogi ne, ƙaninsa ya taɓa sayen irinsa. Cikin ɗan lokaci sun zagaye injin, kowa ya sunkuya, kowa yana musu da kowa, Orval a tsakiya yana gaya musu duk ba su san inji ba. Launin fuskarsa ya dawo.

Britta ta tsaya da baki buɗe. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Kai! Kaka, dubi nan. Kun fi ƙuda jin warin abu."

"Ki yi mana shiru, maza na aiki."

"Wane aiki? Har yanzu ba wanda ya ja igiyar!"

Mai abincin kare ya ja, injin ya ɗauka da wani irin ruri da ya tayar da tsuntsaye daga kan rufin kanti. Orval ya lumshe ido kamar an sa masa waƙar coci.

Da aka kashe, Britta ta matso kusa da kunnensa mai ji.

"Saurara, tsoho. Zan ce wa Mama ba kai kake tayar da shi ba. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya. Hannun hagu kawai, a hankali, iyakarka ka sa shi tari."

"In ya yi tari kuma fa?"

"Sai ka tsaya kana kallonsa kamar maraya. Ka iya ai, yanzu na gani."

"Ja'ira. Wa ya ce miki ina neman taimakon wani?"

"Babu wanda ya ce. Ciro walat ɗinka, in dai asu bai cinye ba."

Da suka iso gida rana ta ɗan karkata. Suka jingina katako a bayan mota, ta gangaro da injin, ta tura shi har bakin titi, daidai inda ake hango shi daga tsallake. Ta ajiye masa sabon galan na fetur a gefe.

"Wannan kyauta ce, kada ka saba."

"Rabi ne ko cike?"

"Ka ci, Kaka. Na sallama." Ta sumbace shi a kan hula tana dariya, ta koma matakalar baranda ta zauna. "Bismillah, a yi wasan mu gani."

Orval ya kama igiyar da hagu ya ja. Tari ɗaya. Layin ya yi tsit, ba kowa sai wani kare can nesa. Labulen gidan Verlin bai motsa ba. Ya tuna duk hunturun nan sau nawa ma ya ga mutumin, daga nesa, yana ɗingishi zuwa akwatin wasiƙu. Wataƙila shi ma 'ya'yansa sun ɗauko masa 'yan kamfani. Wataƙila kunnen ya tafi gaba ɗaya. Ya goge tafin hannunsa a wando, ya sake ja, injin ya sake tari ya mutu.

Sai ƙofar garejin tsallake ta fara ɗagawa tana kuka. Verlin ya fito, hannuwa a aljihu, ya tsaya ya duba sama, ya duba akwatin wasiƙunsa da ba komai a ciki, sannan ya tsallako kamar hanya ce ta biyo da shi.

"Sabo ne?"

"Sabo ne. Jikata ce ta cuce ni, ta zaɓo min wanda ba ya tashi."

"Ina jin ka, tsoho!" in ji Britta daga baranda.

"Yaran yanzu," in ji Verlin, yana girgiza kai. "Matsa in gani."

Orval ya matsa. Igiyar tana nan a fili, ja ɗaya take jira, amma Verlin bai taɓa ta ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗaga shi a rana yana dubawa. Ya gyara zama a kan ciyawa, ya ce wannan ya tuna masa da wani inji da ya taɓa saya wajen gwanjo, kuma labarin da ɗan tsawo.

"Ciyawar ba gudu za ta yi ba," in ji Orval, ya tura hularsa baya.