Rasuwar Gwaggo, rakodar gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu ya ji kiɗa yana fita ta taga, cewa Gwaggo ta rasu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantarta da ke gefen teburin guga, da kaset a bakinta. Shekararta talatin da huɗu a gidan nan, ban da waɗanda ta yi a hannun mutumin da ya sayar mana da ita.

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo rakoda ce, baƙa, mai bakin kaset ɗaya da sifika biyu da mariƙi a ka. Yara ne suka sa mata sunan, don sun taso sun tarar da ita a gida, kuma babansu ya hana kowa taɓa ta sai ya wanke hannu. A kafaɗarta ta hagu akwai ɗigon fenti shuɗi. Maigidana mai fenti ne, Allah ya jiƙansa. Duk abin da ya so a duniya sai ya bar masa ɗigo, har ni, don akwai zanena guda da ke ɗauke da shi har yau.

A kafaɗarsa ya shigo da ita, muna da wata biyu da aure, ko kujera ba mu mallaka ba. Na ce masa, "A kanta za mu zauna?" Ya ajiye ta a ƙasa, ya ce, "Wa ya ce miki zama za mu yi?"

Marigayiya ba ta da zaɓen wuri. Ta yi aiki a ɗaki, ta yi a tsakar gida, ta bi maigidana gine-gine tana zaune a kan bokitin fenti. In akwai wuta ta ci wuta, in babu ta ci batir shida ba ta yi ƙorafi ba. Amma a kiɗa tana da tsari, uku kawai ta sani. Akwai wanda yake ce wa fonk, mai jita mai kaurin murya da ke tafiya kamar titin nata ne. Akwai disko, mai muryoyin mata da ke hawa sama kamar ba za su sauko ba. Daga baya aka sami hawus, wanda gangarsa ba ta hutawa, dum, dum, dum, dum, sai tsss a tsakani. Ban taɓa jin yaren da suke waƙar da shi ba. Ban taɓa tambaya ba kuma. Ƙafata tana ji.

Duk ranar Asabar da safe maigidana yakan zauna gabanta, ya ja eriya, ya ɗora yatsa a kan jan madannin ɗaukar sauti yana jiran waƙa ta fito a rediyo ya kama ta. In mai gabatarwa ya sa baki a tsakiya sai ya yi ta masa faɗa kamar yana jinsa. Da hannunsa ya rubuta wa kasakasan suna. Akwai Mai Zafi, akwai Mai Zafi Na Biyu, akwai Na Ranar Ruwa, akwai wanda ya rubuta wa Kar A Ara.

Ni guga nake yi wa mutane. Da hawus na fi sauri, don bugu huɗu ne, riga ma huɗu ce: wuya, hannu, hannu, baya. Maƙwabciyata da muke haɗa bango ta yi shekaru tana buga mana bangon da ludayi tana cewa a rage. Gwaggo ba ta taɓa riƙe ta a zuciya ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfina, don na san akwai masu cewa ƙarfe ne da roba.

Wata Asabar, ina da cikin 'yata ta fari, maigidana ya nace sai ya koya mini rawa. Ni kuwa jikina a sandare yake, shi ya sa yake kirana Sandata. Ya sa Mai Zafi Na Biyu, ya tsayar don ya mayar da waƙar baya, ya miƙa hannu zai sake kunnawa. Idonsa yana kaina, bai duba ba, sai ya danna ja. Kiɗa bai fito ba. Shi kuwa bai jira ba, ya hau yin gangar da bakinsa, ya kama hannuna. Gwaggo tana nan shiru tana sauraro. Ta ɗauki ƙarar silifas ɗinsa a siminti, ta ɗauki gangar bakinsa, ta ɗauki wata magana da ya faɗa mini, ta ɗauki dariyata. Ƙarshen abin da ta ɗauka shi ne ihunsa, "Kai! Na danne ja!" Yini guda ya yi yana jimamin ya goge tsakiyar waƙar da ya fi so.

Abin bai kai minti ɗaya ba. Shi ne kaɗai wurin da muryarsa ta rage a duniya.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Da farko na rufe Gwaggo da zane, wata biyar ban taɓa ta ba. Maƙwabciyar nan mai ludayi ce ta shigo wata rana, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ke, shirun nan ya fi damuna a kan kiɗan. Don Allah ki kunna." Na yaye zanen. Tun daga ranar, kullum kafin in ɗora dutsen guga sai na sa kaset ɗin nan, in ji wurin nan, in mayar baya in sake ji. Wata rana sau biyu, wata rana ban san adadi ba. Gwaggo ta riƙe amana. Ba ta taɓa canja masa murya ba, ba ta taɓa gajiya da ni ba.

'Yata ta sha gaya mini. Takan ce, "Mama, ki ba ni kaset ɗin nan in kai shago a juye shi a waya. Zare ne fa, ba dutse ba."

Nakan ce, "Sai wani satin."

Takan ce, "Satin nan naki ya fi shekara uku, Mama."

Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce kunya nake ji. In aka kai shago, mai shago zai saurara. Wani ƙato da ban sani ba zai ji abin da mijina ya faɗa mini a ɗaki, ya ji irin dariyar da na yi. Ita kanta 'yar ba ta taɓa jin wurin ba, in ta shigo nakan yi maza in wuce da shi gaba. Na ɓoye muryarsa don kada kowa ya ji, ban yi tunanin ranar da ni ma ba zan ji ba.

Ciwon ajali ya fara mata da damina. Muryarta ta soma ja, matan disko suka koma kamar maza masu mura. Wani lokaci sai na ɗan bubbuge ta a baya kafin ta tashi. Na tuna maigidana yakan buɗe bakinta duk wata, ya naɗe auduga a tsinke, ya jiƙa da sifirit ya goge mata ciki. Ba ni da sifirit. Sai na tuna da ragowar turarensa a ƙasan akwati, mai maiƙo, wanda nake adanawa. Na ce ai wannan ya fi dacewa da ita, ta san ƙamshin. Na jiƙa audugar sosai, na goge ko'ina har ƙaramar tayar roba da ke jan zare. Da niyyar alheri na yi.

Ta yi kwana biyu kamar ta sami sauƙi. Ranar Talata na sa kaset, na mayar baya kamar kullum. Kiɗa ya zo, ya tsaya, silifas suka fara. Sai muryarsa ta yi kamar an shaƙe shi, na ji ƙir, ƙir, ƙir, sai ƙas. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Na ruɗe, na buɗe bakin na fizgo kaset ɗin da ƙarfi. Zare ya biyo hannuna a cukurkuɗe, sauran ya naɗe a cikinta. Na tsaya da shi a hannu har na ji rigar mutane tana ƙonewa a kan tebur.

Na rungume ta na kai ta wurin mai gyara, wani dattijo mai tabarau da ke da ɗan shago a ƙarƙashin matakala a ƙarshen layinmu. Ya kwance ta, ya sunkuya, ya shinshina.

Ya ce, "Baiwar Allah, me kika sa mata?"

Na ce, "Turare."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "To, ta dai tafi da ƙamshi. Maiƙon ne ya sa robar ta yi danƙo, ta kama zare, injin ya yi ta ja har ya ƙone. Irin wannan injin an daina yin sa tun ina da baƙin gashi."

Na ce, "Baba, ita na haƙura. Zaren fa?"

Ya jawo zaren gabansa. Ya ɗauko ɗan hantsaki ya yi ta warware shi a hankali, ya shimfiɗa a kan benci. Ya ɗaga wani wuri ya haska da taga. Ya ce, "Duba nan. Ya yi siriri kamar ɓawon albasa, baƙin da ke riƙe sauti duk ya kankare. Kullum nan kike komawa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ko ba turare, da ya kusa."

Ya sa reza ya yanke wurin da ya mutu, tsawonsa ya kai tsayin ƙofa. Ya haɗa bakin biyu da jan farce, ya hura, ya naɗe da biro. Ya sa a tasa rakodar, ya ce zai fita ya sha iska, ya bar ni ni kaɗai. Ina gode masa da wannan.

Kiɗa ya fito lafiya lau. Ya tsaya. Na ji maigidana ya ce, "Ɗaga ƙa..." sai ɗan tsalle, sai "...na danne ja!" Kiɗa ya ci gaba. Abin da ya rage mini ke nan.

Marigayiya ta rasu ta bar kaset sittin da ɗaya a kwalin takalmi biyu, marayu, ba mai kunna su. Ta bar biro marar tawada da muke mayar da zare da shi in batir ya yi sanyi. Ta bar wayar wuta mai ɗauri uku. Ta bar 'yata da ƙaninta, waɗanda suka koyi tafiya suna dafa kantarta. Ta bar maƙwabciya da ludayi ba abin bugawa. Ta bar wuri mai tsabta a kan kanta, daidai girmanta, wanda na kasa ɗora komai a kai. Ta bar ni ina guga ina ƙirga wuya, hannu, hannu, baya da bakina.

Game da jana'iza. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo sau biyu, ina roƙonsa kada ya zo na uku. Mai gyara ya mayar mata da kusoshinta, ya goge ta, bai taɓa ɗigon fentin ba. Ranar Asabar da safe, lokacin da maigidana yakan ja mata eriya, za a sa zaren da aka yanke a cikin bakinta a rufe, a naɗe ta da rigarsa ta aiki, a ɗora ta a saman kabad. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo mini sabuwa, na gode. Su zo da takalmi mai sauƙi, a taya ni matsar da teburin guga. 'Yata ta ce ta samo waƙar a wayarta, cikakkiya, ba rami a tsakiya. Na ce mata in an zo daidai wurin ta tsayar.

A nan ne zan miƙe in faɗi abin da na hana kowa ji. Na rubuta shi a nan ma, don takarda ba ta cin zare, kuma na fara tsoron kaina, jiya sai da na yi tunani kafin in tuna wace kalma ce ta riga wata.

Cewa ya yi, "Ɗaga ƙafa, Sandata, ba mai kallo sai ni."

Na ce, "Kai ne ai matsalar."

Ya ce, "To ki saba. Ko kin tsufa kin tanƙware, ni ne dai zan zauna ina kallo."

Sai na yi dariya. Ita ce ba zan iya rubutawa ba.

Daga nan a saki kiɗan. Za a bar ƙofa a buɗe, mai son kallo ya kalla.