Zanen Hular da Na Sayo Daga Ƙasar Waje

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Galtimari ta Maiduguri ba, kuma ko na so in manta, matan unguwar ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Rabin haushin na 'yan damfarar intanet ne, sauran rabin kuwa nawa ne ni kaɗai, ba mai taya ni.

Sana'ata hula. A Mafoni aka haife ni, kuma babu wanda ya ba ni jari. Da hula uku a hannu na fara yawo a bakin masallatai, har Allah ya ba ni rumfa. Ni ba na ɗinki. Nawa shi ne in sayi yadi da zare, in sa a zana, in raba wa masu ɗinki, in karɓo, in kai wanki da guga, in sayar. Da rikici ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, masu ɗinki suka yi yawa, musamman matan Bama waɗanda suka iya allura tun suna yara. Wasunsu sun taru a wani gida a Galtimari, ƙarƙashin wata dattijuwa, Ya Falmata. Ita ke karɓar aiki a hannuna ta raba musu, ita ke duba kowace hula kafin ta dawo mini.

To, a cikin wannan hali ne Alhaji Kyari ya aiko a kira ni gidansa a GRA. Dillalin shanu ne, mai ƙatuwar murya, kuma zai aurar da babban ɗansa.

"Mai Hula," ya ce, "hula arba'in nake so ta abokan ango da iyaye. Amma ka ji sharaɗina. Zanen da babu wanda ya taɓa sa shi a garin nan. In na ga irinsa a kan wani ɗan keke, kai da ni mun raba gari."

Aiki irin wannan sau ɗaya yake zuwa wa mutum a shekaru. Duk wanda ya halarci bikin zai tambayi wa ya yi hulunan. Sai na bugi ƙirji.

"Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Zanen ƙasar waje zan kawo maka."

(Ban san daga inda maganar ta fito ba. Bakina ne ya riga kaina.)

A lokacin na sayi babbar waya, kuma ina ganin kaina na waye. Na riga na ga hotunan littattafan ɗinki a intanet, na kuma ƙudura a raina cewa zanen da muke maimaitawa ya tsufa. Na sha faɗa wa matan haka, ba tare da na tauna ba.

Na farkon da ya cuce ni wani ne a Legas. Ya sa hoton littafi mai kyau, ya rubuta cewa saura ɗaya tak a duk ƙasar. Na tura kuɗi. Bayan mako biyu aka miƙo mini ƙunshi a tasha, na yage shi a tsaye, sai ga littafin saƙar safar jarirai da hular sanyi. Hular sanyi! A Maiduguri, inda rana ke dafa ƙwai a kan bonet! Na kira shi, ya ce ai allura allura ce. Na sake kira, ya toshe lambata.

Ta biyun mace ce, mai daɗin baki, tana kirana "babban yayana". Ta ce ba sai an aiko littafi ba, za ta turo mini shi ta waya. Na hau benen wani maƙwabci don neman sabis, na shafe awa guda a rana ina jira ya sauka. Shafi huɗu ne, an ɗauke su a karkace, har da babban yatsan mai ɗaukar a gefe. Sauran shafukan, in ji ta, sai na ƙara wani abu. Abin da na rubuta mata ba zan maimaita shi a nan ba, yarana na iya karantawa.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa na riga na yi wa Alhaji alkawari, kuma wata guda ya tafi.

Na ukun wani tsohon Bature ne mai sayar da tsofaffin littattafai. Littafin nasa ƙato ne, an daina buga shi tuntuni, ya tattara ɗinkin hannu na ƙasashe daban-daban. Muka daidaita da ɗan Turancina na kasuwa. Da na rubuta masa adireshi, sai ya amsa cewa ba ya aika kaya filin yaƙi. Wallahi wannan ta fi damfarar ƙona mini rai. Muna nan muna aure, muna suna, muna cinikin hula, wani yana can cikin sanyi ya shafe mu daga duniya. Na haɗiye, na ba shi adireshin wani abokina a Kano. Daga Kano direba ya ɗauko. Da suka iso Damaturu an rufe hanya, suka kwana. Washegari a wani shingen bincike aka farke ƙunshin da wuƙa don a ga abin da ke ciki, wuƙar ta ci bangon littafin.

Amma ya iso. Ba Turanci ba ne ma, wani yare ne mai ɗige-ɗige a kan haruffa, don haka ban karanta ko layi ɗaya ba. Zane kawai nake bi. Can wajen tsakiya na ci karo da shi. An shimfiɗa shi dogo a shafi biyu, cikin ƙananan gidaje kamar na dara, ganye na shiga cikin ganye, babu inda ido zai gaji. Na ce lallai wannan na Turkiyya ne ko na Maroko, bakin rigar wani sarki. Na ɗauko tef na auna, sai na ga in aka faɗaɗa shi, tsawonsa daidai yake da zagayen kan mutum. Na ce kai, Allah ya yi mini gyaɗar dogo!

(Ku lura da kyau. Shekara ashirin ina sayar da hula. Na ga zane mai tsawon zagayen kai, kuma ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini hula ce ba.)

Maimakon in kai wa Ya Falmata a ɓoye mu duba tare, sai na shirya biki. Na gayyaci Alhaji ya zo da kansa ya ga yadda zan koya wa matan sabon aiki. Na sa babbar riga, na fesa turare, na naɗe littafin a farin yadi. Ya ɗauke ni a motarsa muka tafi Galtimari.

Mata kusan ashirin ne zaune a inuwar darbejiya, kowace da allura a hannu. Ya Falmata ta sa aka shimfiɗa mana tabarma.

"Lale, wushe. Alhaji, sannu da zuwa. Ɗana, yau kuma da baƙo?"

Ban zauna ba. A tsaye na yi jawabi. Na ce duniya ta ci gaba. Na ce mun daɗe muna ɗinka abin da kakanninmu suka ɗinka, shi ya sa ba ma zuwa ko'ina. Na ce na kashe kuɗi da wahala na kawo musu ilimi daga ƙetaren teku, don haka kowace ta buɗe idonta, wadda kuma ta ga ba za ta iya ba ta faɗa tun yanzu. Sannan na warware yadin a hankali, na buɗe shafin, na ajiye a gaban Ya Falmata.

Alhaji ya leƙa. "Kai! Mai Hula, wannan ya yi. Wallahi ya yi!"

Ya Falmata kuwa ta sunkuya kan shafin. Ta goge hannunta da gefen mayafi, ta juya littafin, ƙasa ya koma sama.

"Ya Falmata, kin juya shi," na ce. "Ga yadda ake riƙewa."

"A'a ɗana. Nan ne bakin da ke zama a goshi."

Na yi 'yar dariya, irin ta wanda ke haƙuri da jahilci. Ta ci gaba da bin zanen da yatsa har ƙarshensa, inda akwai wasu ɗige uku a jere, sun fita daga tsarin sauran. Na riga na lura da su tun a gida, kuma na tanadi amsa.

"Waɗannan ku bar su. Kuskuren injin buga littafi ne."

Ta ɗago ta dube ni. "Kuskure?"

"Kuskure mana. Ai ko Bature yana kuskure."

Ta juya ta faɗi wata magana da Kanuri ƙasa-ƙasa. Matan suka ajiye allura suka taso, suka kewaye littafin. Wata ta dafe baki. Wata tsohuwa ta fara dariya har tana tari, ta kusa da ita kuma hawaye take sharewa. Ni ina tsaye cikin babbar riga, na rasa wace zan kalla.

"Ɗana," in ji Ya Falmata, "a garinmu kowane gida yana da alamarsa a hula, don kada a musanya ta wurin masu wanki. Wasu kan sa jan zare a ciki, wasu ƙulli. Ɗige ukun nan na mahaifiyata ne. Mu uku ta haifa."

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce littafin nan daga Turai ya zo. (Har da ɗaga murya. Allah ya yafe mini.)

Ba ta yi musu da ni ba. Ta tashi ta shiga ɗakin da take kwana da jikokinta, ta fito da wani ɗaurin ƙyalle. Ta kwance. Tsohuwar hula ce, zarenta ya koɗe, bakinta ya cinye da gumi. Ta ɗora ta a kan shafin. Ganye a kan ganye. Ɗige uku a kan ɗige uku.

"Mahaifiyata ce ta ɗinka wa maigidana ranar aurenmu. Tun ina yarinya wasu Turawa sun zo gidanmu suka sayi irinta, suna ta zane a takarda. Ranar da muka gudo daga Bama da ƙafa, ita kaɗai na ɗauka, a cikin zanina." Ta gyara zama. "Shekara biyu da suka wuce na kawo maka ita rumfa, na ce ka duba ko za mu farfaɗo da aikin. Ko kwancewa ba ka bari na yi ba. Ka ce ba ka da lokacin kayan ƙauye."

Na tuna. Abin takaicin ke nan, na tuna sarai. Ina danna waya a lokacin.

Alhaji ya ja littafin gabansa yana buɗe shafukan baya, waɗanda ban taɓa kallo ba saboda babu zane a cikinsu. Ga taswira, ga tafkin Chadi, ga lambar shafin nan a ƙasansa kaɗan, daidai inda Bama take. Sai ya saki dariyar da ta tashi tsuntsayen darbejiya.

"Mai Hula! Wato ka aika Turai a sayo maka Bama? Ga Bama zaune a tabarma tana yi maka aiki?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Turaren da na fesa ya koma yana hawa mini kai.

Da ya gama dariya ya share ido, sai ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya juya mini baya gaba ɗaya.

"Ya Falmata, akwai mai sa wannan zanen yanzu?"

"Babu, Alhaji. Yana cin lokaci, dillalai ba sa so."

"Arba'in nake so, saura wata uku."

"In kowace mace ta riƙe biyu, ni ina bi ina dubawa, za mu gama in sha Allahu."

"Shi ke nan. Da ke zan yi magana daga yau."

Haka, a gaban idona, aikin da na yi wata biyu ina yi wa wahala ya tashi daga hannuna ya koma nata. Na tattara rigata na fita a fusace, ko sallama ban yi ba. Sai da na kai bakin titi na tuna a motar Alhaji na zo, kuma babu keken haya ko ɗaya a layin. Na tsaya jikin motar, a rana, ina jin dariyarsu ta kan katanga.

Da Alhaji ya fito ya ce mini ta ba shi saƙo. "Ta ce a gaya wa ɗanta, zare dai babu wanda ya kai shi sanin mai kyau. Gobe ya kawo launi shida." Na so in ce ba zan kai ba. Na kwana ina cewa ba zan kai ba. Da safe na kai.

An yi biki, hulunan sun yi suna, kuma duk wanda ya tambaya Galtimari aka nuna masa. Yanzu Ya Falmata ba ta karɓar aiki a hannuna sai in ta ga dama, ni ne ma nake bin layi. Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin in tambayi waya abin da babu a garin nan, sai na fara zama a tabarma na rufe bakina, kuma duk wanda ya miƙo mini ɗaurin ƙyalle, ko me nake yi sai na kwance.

Littafin kuwa yana wurinta, ban sake neman shi ba. Kwanaki na je kai zare na same shi buɗe a cinyarta, da biro a hannunta. Ta ce mai zanen ya tsallake layi biyu a tsakiya, tana gyara masa.