Ranar da Sarkin Hayaƙi Ya Fito Ba Hula

Duk faɗin unguwar Chilonzor ta birnin Tashkent babu wanda Allah ya ɗora wa nauyi irin na Toshpulat-aka, wato Yaya Toshpulat. Wasu na riƙe da ma'aikatu, wasu da filin jirgin sama, shi kuwa bawan Allah bene mai hawa tara ne a wuyansa, da rayukan duk masu haya a ciki, da tarin makullai a ƙugu masu kacau-kacau, waɗanda kan riga mai su isowa. Mai gidan ya tafi ci-rani ya bar masa amanar famfo da fitilun matakala. To shi ba mutum ne mai raina amana ba. Kafin a ankara ya mai da ɗakin ajiye tsintsiya ofis, ya kuma hana a ce da shi mai kula da gida, sai dai Shugaba. Hularsa ta doppi, baƙa mai farin aiki, ba ta barin kansa ko a wurin gyaran famfo. Akwai waɗanda aka haifa a gidan har suka yi wayo ba su taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba.

Girmansa bai cika ba sai da aka kafa ƙararrawar hayaƙi a rufin kowane ɗaki, 'yar farar aba kamar murfin kwano, wadda matan gidan suka raɗa wa suna Magulmaciya. In ɗaya ta shaƙi hayaƙi, duk sai su ɗauki ihu tare, ba kuma mai sanin wadda ta fara sai wanda ya duba allon fitilu da ke ofis. Makullin ofis kuwa guda ne, kun san a ƙugun wa yake. Tun daga nan ake kiransa Sarkin Hayaƙi, a bayan idonsa.

Ranar da aka kafa su ya tara jama'a a gindin bishiyar tsakar gida, ya hau benci, ya gyara murya.

"Jama'a, wuta ba sani ba sabo, ni ma haka nake! In ta yi kuka, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya sauko ta matakala, ban da komawa ɗauko talabijin. Wanda ya cire mata batir ko ya toshe mata baki, wannan maƙiyin al'umma ne, ko ubana ne. Nawa aikin, in gwada su, in canza batir, in zama na farkon fitowa in tabbata ba a bar kowa ba. Wanda kuma tasa ta yi kuka sau uku, ya nemi wani gidan!"

Tsakani da Allah, yawancin maganar daidai ce. Dokar sau ukun nan ce kawai ya ƙago daga cikin hularsa. Batun gwaji kuwa bai taɓa sakaci ba, sai dai abin mamaki, gwajin kan faɗo daidai lokacin da ake sauke tukunyar palov, dafa-dukar shinkafarsu. Ya danna Magulmaciya, ya ce lafiyarta lau, sannan a zubo masa a faranti ya tabbatar shinkafar ba ta ƙone ba.

Wadda dokar ta hana wa barci ita ce Mavluda-hola, wato Inna Mavluda, tsohuwar hawa na huɗu. Tata ta riga ta yi kuka sau biyu: ɗaya man suya ne ya yi zafi, ɗaya kuma isirik, busasshen ganyen nan da kowace uwa ke turara wa iyalinta saboda kambun baka. Saura ɗaya a watso mata kaya waje, ita da ɗanta da matarsa, ga haya ta yi tsada a gari, ba su da inda za su nufa. Babban laifinta ma ba hayaƙi ba ne. Ta san Shugaba tun yana yawo ba wando, don haka har gobe Toshpulatjon take ce masa, irin kiran da ake wa ƙaramin yaro, a gaban kowa.

Sai Allah ya haɗa abubuwa biyu a rana ɗaya. Za a dawo da jikan Mavluda-hola daga asibitin haihuwa, kuma 'yan kwana-kwana za su turo jami'i ya duba gidan, har ana raɗe-raɗin lambar yabo. Da hantsi Shugaba ya fito cikin sabuwar kwat, ya yi kiciɓis da tsohuwar a matakala, riƙe da ɗan kaskonta mai mariƙi cike da ganye.

"Hola, mene ne wannan?"

"Toshpulatjon, ɗana, jariri ne zai shigo gida. A tsakar gida zan kunna, ko kusa da Magulmaciya ba zan je ba."

"Shugaba," ya gyara mata. "Camfi! A zamanin kimiyya, a gidana, ranar da hukuma za ta zo? Kawo nan!"

Ya fizge kaskon ya kai ofis. Tsohuwar ta tsaya hannu wayam, hawaye ya cika mata ido, don a danginsu kaf ba a taɓa shigar da jariri gida ba turare ba. Ta fita bakin ƙofa jiran mota.

Shi kuwa ya shiga zagaya tsakar gida don kwat ta sha iska. Rahimjon direban tasi, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya dafe ƙirji.

"Kai, aka! Yau ko minista albarka! Wannan kwat, wannan hula, wallahi har ka yi ƙiba da dare ɗaya!"

Mata daga tagogi suka taya. Shugaba ya kumbura, ya ƙara kumbura, sai ga maɓallin kwat ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya juya zai bi shi, ya yi tuntuɓe. Fatar idonsa ta hagu ta fara rawa. Nan gabansa ya faɗi, don ya tuna duk cikin masu yabon nan ba wanda ya ce tubarkalla. Ya shige ofis ya murza makulli. Ga kasko a kan tebur yana kallonsa. Ba wai ya yarda da camfi ba ne, a'a, Allah ya kiyaye, tausayin ganyen ya ji kada ya lalace a banza. Ya ƙyasta ashana, ya zagaya kansa da hayaƙi, ya zagaya kwat, yana cikin turara hamata Magulmaciyar da ke bisa kansa ta tsala ihu, 'yan'uwanta na hawa tara suka amsa.

Abin a yaba, masu haya suka sauko tsaf yadda aka koya musu, wannan da ludayi a hannu, wancan da kumfar aski a fuska. Daidai lokacin Mavluda-hola ta karɓi jikanta daga mota. Jin ƙarar, ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakinta. Ko ta bar shayi a wuta ne? Ta rungume jaririn tana salati, tana tunanin ina za ta kwantar da mai jego in aka kore su.

Can ƙarar ta ɗauke. Wanda ya yi alkawarin zama na farko ya fito na ƙarshe, ido jawur, yana tari. Tsakar gida ta yi tsit, don kan Shugaba a buɗe yake, sulɓi, yana ƙyalli kamar bayan sabuwar ƙwarya. Shi bai ma sani ba. Ya hau benci ya nuna tsohuwar da yatsa.

"Na duba allo. Hawa na huɗu! Uku ta cika, hola, doka ba ta san tsufa ba!"

"Kaskona fa yana hannunka, Toshpulatjon," ta ce.

"Wa ya san kasko nawa kike ɓoyewa?"

Rahimjon ya matso yana shinshina. "Aka, kwat ɗin nan taka ƙanshin ɗakin kakata take."

Sai wata mata mai kaki ta fito daga cikin jama'a. Ashe jami'ar ta iso tun ana tsakiyar ihu, ta tsaya tana kallo. Ta ce tana so ta ga allon da idonta.

"Ranki ya daɗe, makullin ya ɓata," in ji Shugaba, makullai suna kacau-kacau a ƙugunsa.

Aka buɗe. Hayaƙi ya yi musu maraba. Ga kasko a tebur yana ci, ga jar fitila guda a allo, ƙarƙashin rubutun ruwan gwal da ya yi da hannunsa: Ofishin Shugaba. Jama'a suka ɗaga kai. A rufi, an kifa wa Magulmaciya baƙar hula mai farin aiki, an ɗame ta da salatif.

"Masu haya sun yi nasu," jami'ar ta ce. "Ba a korar kowa don ƙararrawa ta yi kuka, ai don ta yi kuka aka kafa ta. Toshe ta ne laifi. Wa ke da alhakin gidan nan?"

Shugaba ya dubi ƙasa. "Mai gidan ya yi tafiya. Ni famfo kawai nake dubawa."

Mavluda-hola ta matso bakin ofis. Ta miƙa jaririn ga uwarsa, ta ɗauki kaskonta ta fita tsakar gida, ta hura garwashin, ta zagaya jikanta da hayaƙi tana addu'a, fuskarta fal murna. Saura ɗan ganye a kasko, sai ta yafito shi.

"Sunkuyo, Toshpulatjon. Kan nan yau ya fara ganin jama'a, kada baki ya kama shi."

Ya sunkuya.