Ranar Da Gimbiya Ta Yi Shiru

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙarfin jiki, in akwai saura?"

"Akwai wanda zai ishe ni in ɗaga ki in wurga bayan katanga. Sai yanzu kika ga damar zuwa, Baƙin Mai?"

Haka gaisuwar Baba da 'yata take. Ni da ke tsakaninsu ba ni da bakin magana: shi ubana ne, ita jikarsa. Abin da za ta gaya masa ya yi dariya, ni in na faɗa sai an tara mini dangi. Baƙin Mai yake kiran ta tun da ta fara aiki a garejin gyaran motoci.

Ranar kuwa ba wasa ne ya kawo ta ba. Gimbiya, tsohuwar motar Baba, tsatsa ta cinye mata salansa, wato bututun hayaƙi. In ya tayar da ita da safe sai kajin maƙwabta sun watse, hayaƙi kuma ta ƙasa yake shigowa cikin motar. Kwanan baya ya dawo daga kasuwa jiri na ɗibarsa. Yayana ya rantse in ya zo da yamma ya tarar tana wannan ruri, masu sayen tsohon ƙarfe zai kira su kwashe ta. Baba kuwa gara a cire masa sauran haƙoransa da a raba shi da motar nan.

Yarinyar ta ɗaga motar da jak, ta kafa mata ƙafafun ƙarfe, ta shimfiɗa kwali. Baba ya jawo kujerarsa har gindin taya.

"Ga bulo nan birjik, me ya kai ki ɗauko waɗannan ƙarafan? Ni da bulo nake tokare ta tun ba a haifi uwarki ba."

"Shi ya sa kake tafiya a karkace. Matsa, inuwarka ta tare mini haske."

"Me?"

"Na ce ka matsa!"

"To ki riƙa buɗe baki mana. Yaran yanzu magana kamar ana saya muku murya."

Ta shige ƙarƙashin motar, ƙafafunta kaɗai muke gani. Can sai muka ji ta rafka salati.

"Tsoho! Wannan salansa ce ko kantin kayan shayi?"

Gwangwanin madara ya fara fitowa, an buɗe shi an naɗe da waya. Sai na tumatir. Sai wani na madarar da ni kaina rabona da ganin irinta tun ina 'yar makaranta. Tana jefowa suna faɗuwa gaban Baba, shi kuwa yana tsincewa yana kakkaɓe su kamar ya ga tsofaffin abokai.

"Ki yi a hankali! Kowane ɗaya da hannuna na ɗaura shi."

"Na gani ai. Bututun ya ƙare tuntuni, gwangwani ne ke riƙe da gwangwani. Na taɓa nan da yatsa, yatsan ya wuce ciki."

"Yatsanki ne mai mugunta. Ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne."

"Ƙarfen da ne ke zubo mini a ido yanzu. Miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku."

Ya miƙa mata guduma.

"Sifana na ce!"

"Guduma ce maganinsa. Ki ba shi ɗaya mai kyau."

"In na ba shi ɗaya mai kyau, motar za ta rabu biyu, ka ɗauki gaba in ɗauki baya."

Ni raina ya riga ya ɓaci. Rana tana yi, abinci na kan wuta, Yaya ba mutumin da ke janye magana ba ne, su kuwa sun mayar da abin hira. Na miƙa mata sifanar da kaina. Notin da za ta kwance ya ƙi motsi, tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen. Ta fesa masa mai, ta jira, ta sake gwadawa, ya karye gaba ɗaya.

"Madalla," in ji Baba. "Abin da ake koya muku ke nan? Wanda zai aure ki ya shiga uku. Ni dai na fasa."

"Wa ya ce yana son ka? Mijin da sai an tura shi kafin ya tashi, kamar motarsa?"

"Ni? Da ƙuruciyata ni kaɗai nake ɗaga bayan motar nan a canza taya!"

"To bismilla, ɗaga, in cire jak ɗin."

"Yau bayana na ciwo."

Ta ɗauki zarto ta yanke ruɓaɓɓen wurin, ta fito da shi ta ajiye masa a cinya. Duk huji ne, kamar rariya. Daga jakarta ta zaro sabon guntun bututu da ta taho da shi, ta shafe bakinsa da wani farin danƙo, ta cusa, ta ɗaure kowane gefe da maɗaurin ƙarfe. Robar da ke rataye salansar ma ta daɗe da tsinkewa, ashe Baba ya maye gurbinta da igiyar shanya. Igiyata ce, wadda na yi ta nema har na zargi yaran maƙwabta.

"Baba!" na ce.

"Aro na yi," ya ce, bai ko dube ni ba.

La'asar ta yi kafin ta sauke motar. Ta fito fuska duk jar tsatsa, ta goge hannu a tsumma.

"Shiga ka tayar, Tsoho. In ka ji tari, naka ne."

Ya shiga yana gyara hula. Ya murɗa makulli. Gimbiya ta tashi lumui, sai ɗan gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga ya sake murɗa makullin. Injin ya yi wata muguwar ƙara.

"Kai! Saki!" Yarinyar ta yi tsalle. "Za ka cinye mata haƙoran sitata!"

"Kin kashe mini mota! Da safe lafiyarta lau, kin zo kin shaƙe ta!"

"Tana aiki!"

"Ƙarya kike, Baƙin Mai!"

Ya kai hannu zai murɗa na uku. Ta riƙe hannun. Ta fito da shi daga motar, ta kai shi gaba, ta ɗora tafinsa a kan murfin injin.

Ya tsaya. Ƙarfen na rawa a ƙarƙashin hannunsa. Ya dubi motar, ya dube ni, ya karkata kunne, ya sake karkata ɗayan. Duk mun san kunnen Baba ya yi nauyi, amma ba wanda ya san ya kai haka, har shi kansa. Ashe rurin nan ne kaɗai yake ji. Da shi yake sanin ta tashi, da shi yake canza giya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

"In babbar mota ta yi mini hon a baya fa?" ya ce a hankali, ba da kowa yake ba.

Can ya yi gyaran murya.

"Baƙin Mai. Ɗan huda mini salansar kaɗan. Kamar bakin allura."

"Ko kusa. Aikina ba ya komawa baya."

"Muguwa. Tun kina zanen goyo na san ba za ki yi imani ba."

Ya leƙa cikin motar ya kashe ta, ya zare makullin. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya cusa mata a aljihun rigar aiki.

"Riƙe. Ba don kin iya ba, don dai ba ni da direba ne. Kujerar gaba tawa ce, kuma duk inda na ce nan za mu."

"Albashina fa?"

"Ga gwangwanaye nan, ki kwashe."

Ta shiga mazaunin direba ta tayar da motar, shi ya zagaya ya zauna a gefe yana ƙunƙuni wai ta matsar masa da kujera. Daidai nan Yaya ya shigo ƙofar gida, ya tsaya yana kallon motar tana aiki ba hayaniya.

Yarinyar ta dubi kakanta, ta danna hon da tafin hannu, ta ƙi saki. Kajin maƙwabta suka watse. Wata mata ta leƙo ta katanga tana faɗa.

Baba ya fashe da dariya har hularsa ta faɗo.

"Yauwa! Wannan kam na ji. Ƙara!"