Kamun Farko

Da na dawo daga bita a Kano, ji nake kamar ni na ƙirƙiro kasuwanci. Na ce wa ɗalibaina na makarantar koyon sana'a, "Ku ajiye littafi! Ku nemo abin da ke damun jama'a, maganinsa ya zama sana'arku."

Damina ce, awaki na cinye wa manoma gyaɗa. Sai ɗaliban suka shirya su riƙa kamo su ana ba su lada. Na bugi ƙirji gaban mai unguwa: "Ko na wane ne, a ci mai su tara!"

Aka jawo kamun farko. Nawa ne, har da bunsurun.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ashe matsalar a gidanka take kwana."

Har yau in na shiga kasuwar Tsanyawa, sai wani ya yi mini "meee".