Ɗakin Tayil na Dokin Alhaji Dabo

Duk ƙasar Daura, daga Mai'adua har Zango, ba a taɓa yin mutum mai tausayin doki kamar Alhaji Dabo Mai Tayil ba. Ba ra'ayina ba ne wannan. Shi da kansa ya bincika ya gano haka, sannan ya sa aka rubuta a gilashin bayan motarsa da manyan harufa ruwan zinare: UBAN DAWAKI. To wa zai yi musu da abin da aka rubuta a gilashi?

Mutum ne mai kwarjini, Masha Allah. In zai shiga zaure, tumbinsa ke fara yin sallama, sai an amsa sannan sauran jikin ya iso. Da sayar da tayil ya yi arziki, kuma bai taɓa butulce wa sana'ar ba. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya a gidansa sai an manna masa tayil. Tsakar gida tayil, katanga tayil, bakin rijiya tayil, har gindin darbejiya bai tsira ba. Shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya da shi, don haka ba a kasuwa na tsinci labarin nan ba.

Son dawaki da girma ya same shi, ranar da ya lura cewa a filin sukuwa masu doki ne ke zama cikin rumfa, sauran jama'a kuwa suna rana. Lahadin da ta biyo ya tafi kasuwar Mai'adua ya dawo da wani doki bikili, dogo, mai kyan wuya, ya raɗa masa suna Dubai. Hawa kuwa, kada a zalunce shi, ya taɓa hawa. Sau ɗaya. Mutum biyu na riƙe da dokin, na uku na riƙe da Alhaji. Mai hoto ya yanke su duka ukun, aka bar jarumi shi kaɗai yana hararar gabas. Hoton na nan a falo, yana shago, yana kalandar da yake rabawa duk shekara.

Mai kula da dokin kuwa Baba Sama'ila ne, wani dattijo mutumin Dutsi, wanda ya fi shekara arba'in yana cikin dawaki. Ba shi da yawan magana. Ba shi cikin kalanda kuma.

Abin ya soma ne wata Asabar a tsakiyar bazara, irin ranar da ko kaza ba ta fita tsakar gida. An yi sukuwa a bayan gari. Dubai ya yi tsere ya ci. Alhaji ya ji daɗin tafi, ya ce a sake sa shi. Ya sake ci. Baba Sama'ila ya ce a bar shi haka ya sha ruwa, Alhaji ya ce doki mai suna Dubai ba ya gajiya. A tsere na uku dokin ya kife gab da ƙarshe, linzami ya yaga masa baki, ƙaimi ya farfasa masa ciki, yana kwance yana fitar da kumfa da jini. Wani ya ɗauka a waya. A cikin hoton ana jin muryar Uban Dawaki tar, daga inuwar rumfa, da gorar lemo a hannu: "Ku tashe shi da bulala mana! Ai saura kaɗan!"

Kafin magariba babu wayar da abin bai shiga ba. A Islamiyyarmu ta matan aure ranar Lahadi ba a yi hadda ba, zancen aka yi. Masu buga waya gidan rediyo suka yi ta tambaya, wai wannan wasa ne ko yanka ba wuƙa? Limamin unguwarmu ya yi huɗuba guda a kan haƙƙin dabba, bai kama suna ba, amma duk sahun gaba suka riƙa leƙen Alhaji. Har masu cewa a hana sukuwar gaba ɗaya aka samu.

Alhaji ya kira ɗan jarida har shago ya warware wa duniya zancen. "Mahassada ne. Dokin nan ba faɗuwa ya yi ba. Dokin zamani ne, ya san lokacin hutunsa, ya kwanta. Wannan jan abin da kuka gani a bakinsa kuwa, ni a ganina goro ne."

Ƙungiyar masu sukuwa ta garin ba ta ga goro ba, ta ga wasanta na neman mutuwa. Saura wata biyu a zaɓi sabon shugabanta, kujerar da Alhaji ya riga ya ɗinka wa riguna uku. Sai dattawan ƙungiyar suka kafa sharaɗi: duk mai neman kujerar, likitan dabbobi zai je ya duba dokinsa, in aka samu doki cikin wahala, mai shi ya fita daga takara.

Da wani ne, da ya saya wa dokin harawa mai kyau, ya bar shi ya huta, ya sauya masa linzami. Amma wannan tunanin ƙananan mutane ne. Alhaji ya ce zai yi wa Dubai abin da ba a taɓa yi wa doki ba tun da aka kafa Daura: zai riƙe shi kamar yadda yake riƙe kansa. Ni dai da na ji haka gabana ya faɗi.

Aka rushe tsohuwar barga mai rufin zana, aka kwashe rairayin da dokin ke kwanciya a kai aka zubar a kwata. Aka tada ɗaki na bulo. Fanka biyu. Na'urar sanyi. Labule mai geza. Talabijin a bango, don kada kaɗaici ya dame shi. Ƙasa kuwa, me kuke tsammani? Farin tayil, ɗan Italiya, irin wanda mace za ta iya sa kwalli tana dubawa.

Baba Sama'ila ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. "Ranka ya daɗe, doki da ƙasa yake zama. Kofato ba ya kama wannan abin. Yana son rairayi ya yi birgima, ya kwanta ya tashi. Tifa ɗaya ta yashi a zuba a kai, shi ke nan."

"Yashi?" in ji Alhaji. "A kan ɗan Italiya? Baba, zamanin da ka sani ya wuce. Yashi na dokin talaka ne."

Ranar farko Dubai ya kwanta kamar yadda ya saba. Tashi ya gagara. Daga tsakar gidanmu ina tankaɗe ina jin ƙwas, ƙwas, ƙwararas, kamar ana watsi da kwanoni. Sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi, gwiwoyinsa duk sun saɓule. Daga ranar bai ƙara yarda ya kwanta ba. Ya tsaya ya ware ƙafafu huɗu kamar teburin mai shayi, fitsarinsa na kwance ƙarƙashinsa saboda tayil ba ya shan ruwa, sanyi na busa shi, talabijin na karanta masa labaran duniya. Ko motsi ya yi sai ya zame, ciwon ya sake buɗewa.

Baba Sama'ila ya shimfiɗa tsofaffin buhuna. Alhaji ya sa aka kwashe, wai suna ɓata tsarin ɗakin. Amma kada ku ce bai damu da gwiwoyin ba. Ya damu ƙwarai. Tela ya kira, aka gwada ƙafafun, aka ɗinka wa Dubai safa huɗu ta koren karammiski, da sunan Alhaji a jiki. Ciwon da ba a gani ai ya warke.

Na kasa haƙuri. A wani gidan suna na ja matarsa, Hajiya Maiturare, gefe na ce, "Hajiya, don girman Allah ki yi wa maigidan nan magana, dabbar nan za ta kai ƙararku gobe ƙiyama." Ta kama hannuna ta ɗora a bayan kanta, na ji ƙululu kamar ƙwan zabo. "Maƙwabciya, ni sau biyu ina faɗuwa a tsakar gidan nan. Da na yi magana cewa ya yi tafiyar ƙauye gare ni. Ni ban samu ba, doki zai samu?"

Ranar duba ta zo. Sauran masu takara likita ya je musu shiru, ya duba ya tafi. Alhaji kuwa rumfa biyu ya kafa a ƙofar gida, kujerun roba ɗari, lasifika, maroƙi, da jan ƙyalle a ƙofar ɗakin doki wanda za a yanka da almakashi. Tun da safe ya sa aka wanke tayil da ruwan sabulu har sau biyu don ya yi ƙyalli a hoto. Mu matan unguwa muka cika zaurenmu, wasu suka hau turmi suna leƙe ta katanga.

Likitar da aka turo mace ce, Dakta Maijidda, 'yar siririya, da hijabi da takalmin roba har gwiwa. Alhaji ya leƙa bayanta yana neman likitan. Da ya tabbatar ita ce, sai ya gyara murya ya karɓi lasifika.

"'Yata, kin zo a sa'a, yau za ki ƙaru. Jama'a! An ce ba ni da tausayi. Ni! To ku shiga ku gani. Akwai masu digiri a garin nan da ba su kwana a irin ɗakin da dokina ke kwana. Abin da na taka shi yake takawa. Iskar da na sha ita yake sha. Daga yau duk wanda zai yi maganar haƙƙin dabba a ƙasar nan, ya fara zuwa nan ya ɗauki darasi!"

Maroƙi ya ce gaskiya ne. Aka yanka ƙyalle.

Dakta Maijidda ba ta kalli fanka ba. Ba ta gaida talabijin ba. Ta lallaɓa tana dafa bango har ta isa wurin dokin, ta tsuguna, ta zare safar karammiski ɗaya. Warin ya iso har kujerun gaba. Ta zare ta biyu. Ta ɗago kai, ba Alhaji ta kalla ba, Baba Sama'ila ta kalla.

"Baba, yaushe rabonsa da kwanciya?"

"Yau kwana talatin da takwas, Dakta."

"A fito da shi."

Fitowar ma aiki ce. Baba Sama'ila ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya kawo buhu biyu, yana ɗauke na baya yana mayarwa gaba, yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa, taki ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙetare ɗakin, suka ƙetare tsakar gidan, suka fito lungu. Lungunmu kuwa rairayi ne tsantsa, mun shekara muna zagin sa saboda yana kayar da masu babur.

Dubai ya sunkuya ya shinshina. Ya tona da kofato. Sai ya zube a gaban manyan baƙi, ya juya hagu, ya juya dama, ƙafafu sama, ragowar karammiski na lilo, yana wani nishi mai tsawo da duk wadda ta taɓa sauke tulu bayan doguwar tafiya ta san irinsa. Ƙura ta rufe shaddodin sahun gaba. Da ya gama, ya miƙe wuya a ƙasa ya rufe ido. Barci. Da rana tsaka, ga lasifika, ga maroƙi. Wata tsohuwa a zaurenmu ta fashe da kuka.

Dakta ta ce, a hankali, santsin ɗakin ne ya jawo duk wannan.

Nan fa Uban Dawaki ya fusata. A zagi tausayinsa, ya iya haƙuri. Amma a zagi tayil?

"Santsi? Wane santsi? Ɗan Italiya ne fa! Shekara ashirin ina sayar da shi! Ku buɗe ido ku gani, jama'a!"

Ya tattare babbar riga, ya ɗaga kai kamar a kalanda, ya taka cikin ɗakin da takalminsa sau-ciki sabo fil. Taki na farko lafiya. Na biyu ma ba laifi. A na uku ƙafar dama ta nufi Kano, ta hagu ta nufi Damagaram, hula ta bugi fanka. Ƙarar da muka ji ta fi ta dokin. Maroƙi, da yake bakinsa ya riga ya saba, ya ce gaskiya ne.

Ƙarti huɗun da suka ɗaga Dubai su suka ɗaga shi. Wayoyi kuwa ba su huta ba.

Takardar Dakta gajeriya ce. Doki ba zai yi tsere ba sai bayan wata shida, kuma a mayar da shi kan ƙasa a ranar. Baba Sama'ila ya tafi da shi Dutsi, inda na ji gwiwoyin sun fara kamewa. Dattawan ƙungiya suka soke sunan Alhaji daga takara tun ana naɗe rumfa. Riguna ukun suna nan cikin akwati.

Shi kuwa Alhaji, mai ɗori ya ce ƙugu ne ya goce, zai taka, amma da sanda, kuma ya kiyayi santsi. Washegari da hantsi muka ji rurin mota a lungu. Tifa biyu, cike da yashi. Aka juye, aka baje shi a kan ɗan Italiya tun daga ƙofar ɗakin Alhaji har banɗaki, daga banɗaki har zaure, da kauri, kada a samu inda sanda za ta zame. Masu zuwa dubiya yana yi musu bayani daga kan katifa cewa likitocin Turai sun gano tafiya a kan yashi na ƙara lafiya, kuma shi ne mutum na farko da ya kawo tsarin Daura.

Kwana talatin da takwas Dubai na tsaye yana jiran tifa ɗaya. Ƙugun Alhaji ya nemi biyu, ko azahar ba a yi ba suka iso.